Wai da gaske Sifaniyawa sun tilasta wa baƙaƙen mata ɗaura kallabi?

'YarƘofarSauri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana tarihi a warware mana, mun yi ta gardama da ƙawata wai a can Amurka zamanin mulkin Sifaniyawa doka aka kafa baƙar mace dole ta ɗaura kallabi, ni dai ban yarda ba, mi ya haɗa Bature da ɗankwalin mace?

MalaminTarihi_KT:
Wa'alaikumussalam ƙanwata, ƙawarki ce da gaskiya. A 1786 gwamnan Sifen na Luwiziyana, Esteban Miró, ya ce matan da ke da jinin Afirka su rufe gashinsu da kallabi, baiwa ce ko 'yantacciya. Kuma fa ba don sutura ba, a'a, don kada kwalliyarsu ta sa a kasa bambanta su da matan Turawa ne. Su ko suka nemo yadi mai kala suka riƙa murza ɗauri, abin da aka so ya zama wulaƙanci ya koma gayu. Tun 1571 ma akwai dokar Sarki Philip na II da ta hana su sa zinare da lu'ulu'u da siliki, sai dai 'yantacciyar da ke auren Basifaniye, ita an yarje mata 'yan kunne da sarƙa. Wato darajarki na hannun mijinki kenan.

ƊanDaura:
Malam kallabin ai mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mani rai ɗa uwarsa yake bi a bauta, ko da ubangijin nata ne ya yi cikin, in bai ga damar 'yanta shi ba bawa ne, har sayar da shi yana iya yi, jininsa fa! Mu nan ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana cin gado, wasu har sarauta sun yi.

Hajiya_Mamman:
ƊanDaura yarona a bi a hankali, kada mu wanke kanmu tas, ɗan kuyangar da bawa ya aura fa a nan ma bacucane ne, kuma har gobe in an zo neman aure sai ka ji ana tonon asali. Su can sun ma tsara abin ne, ɗiyar Bature da baƙa mulata, ta ɗan asalin Amurka (jan Ba'indiye) da baƙa zamba, kowa da matsayinsa. Amma matan ba su zauna ba, a Kyuba akwai coartación, a yanka wa baiwa kuɗinta ta riƙa biya da kaɗan-kaɗan kamar dai fansar kai ta wurinmu, da wankau da tallar abinci da yawa suka fanshi kansu sannan suka koma fansar 'ya'yansu.

MalaminTarihi_KT:
Haka ne Hajiya. Wasu kuma ba su tsaya tara kuɗi ba, Carlota na cikin jagororin tawayen bayi a gonar rake ta Triunvirato da ke Matanzas ta Kyuba a 1843, a tawayen ta rasa ranta. Bautar ba ta ƙare a Kyuba ba sai 1886.