Wace kalma za mu sa wa "undertone" na fenti?

1/ Jama'a, ina neman kalmar Hausa ga abin da masu fenti ke kira "undertone". Ku shiga layin 'yan fenti a kasuwar Ƙofar Ruwa, a buɗe muku bokiti biyu, dukansu a ce ruwan madara ne. A cikin bokiti ba ka ganin bambanci. Sai an shafa a bango ya bushe, ɗaya ya ja zuwa rawaya, ɗayan ya ja zuwa toka. Wannan launin da ke ɓuya a ƙarƙashi nake nufi.

2/ Sunayen launi kam muna da su: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan makuba. Na ɓoyen ne ba mu raɗa wa suna ba.

3/ Wasu sun ce "sirki". Ban gamsu ba. Sirki ido na ganinsa ƙarara, kala biyu gefe da gefe. Wannan kuwa ya riga ya narke a cikin fentin. "Inuwar launi" ma ba ta zauna mini ba, don mai ji zai ɗauka duhun launin ake nufi.

4/ Ni dai na tsaya a kan "jinin launi". Mun saba cewa wane yana da jinin Fulani, wato ba a faɗa maka ba, amma ka gani a fuskarsa. To haka za a ce: farin nan yana da jinin rawaya, wancan jinin toka gare shi.

5/ Wani malamina ya ce jini ai ja ne, za a rikice. Ranka ya daɗe, idan aka ce "jinin sarauta" ba wanda ke tuna ja.

6/ Ga amfaninta. Ƙwan lantarki mai 2700K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwai) haskensa rawaya-rawaya ne, yana ƙara fito da jinin rawaya har ɗaki ya yi kamar ya tsufa. Mai 6500K yana ja zuwa shuɗi, sai fenti mai jinin toka ya yi sanyi a ido fiye da kima. Kafin ka sayi bokiti, shafa kowanne sau biyu a bango ɗaya, ka bari ya bushe, ka kara farar takarda a tsakaninsu. Duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna wuta.

7/ Masu fenti na Kano, ku da kuke haɗa kala kullum, in kuna da wata kalma da kuke faɗa a bakin aiki, ku kawo ta mu gwada ta da wannan.