Na haura 45, ƙiba ta dame ni

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah ku ban shawara. Tunda na haura 45 sai ƙiba nake, gashi cin abincina bai ƙaru ba, kayana duk sun matse ni, wallahi ko madubi bana son kallo.

Anti Hajjo: Ayya sannu ƙanwata, nima na sha wannan. In al'ada ta kusa ɗaukewa kitse a tumbi yake taruwa, tsoka kuma raguwa take da shekaru. Kar ki azabtar da kanki da yunwa, ki dage da tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma minti 150 na motsa jiki tace a sati.

Ummu Salma: Yaya kije asibiti a duba miki suga da tayirod, wato wata 'yar gaɓa a wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Ya barcinki? Ƙarancinsa na ƙara yunwa fa.

Maman Biyu: Kai, awa 5 nake samu da kyar.