Ko ya dace a ɗaura wa tsohon babur makullin totur?

Mai Roadmaster: Assalamu alaikum, jama'a. Makonni uku da suka wuce na sayi Honda CD200, wanda muka fi sani da Roadmaster, ƙirar farkon shekarun 1980, daga hannun wani dattijo da ya ajiye aikin koyarwa, wanda ya shaida mini cewa tun da gwiwarsa ta fara ciwo ya jingine shi a zaure ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Fentin tankin na asali ne, murfin sarƙa bai lotsa ba, injin kuma yana tashi a bugu na biyu ba tare da hayaƙi ba. Matsalata guda ce: ranar Asabar na ɗauki hanyar Zariya daga Kano, kafin in kai Kwanar Dangora hannuna na dama ya sage, yatsuna suna yi mini kamar ana tsira musu allura. Ra'ayina shi ne babur ɗin da aka adana haka bai kamata a sauya masa komai ba, har robar hannun da ya zo da ita, sai dai in ƙara masa makullin totur, wato ɗan abin nan da ke riƙe totur a inda aka murɗa shi domin hannu ya huta. Ina ganin ba shi da wani haɗari ga mai hankali, amma abokina ya ce kasada ce. Ina neman ra'ayinku.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Ɗana, ni da na shafe shekaru ina kwance irin wannan inji, ban yarda da farkon maganarka ba, balle ƙarshenta. Ƙarfe da fenti suna iya yin shekara 40 a zaure ba su san an yi ba, amma roba ba ta jiran kowa, ko an hau ko ba a hau ba tana bushewa. Ka danna farcenka a jikin wannan robar hannun da kake taƙama da ita. Idan bai shiga ba, idan kuma ka ga tana sheƙi kamar an goge ƙwarya, to ta zama itace, kuma ita ce take sa ka damƙe hannu da ƙarfi ba ka sani ba, domin tafinka yana jin santsi. Injin Roadmaster silinda biyu ne, cc 194, kuma fistin ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka, saboda haka yana da 'yar karkarwa da ke biyo ƙarfen kai ta shigo hannu idan aka daɗe a gudu ɗaya. Roba mai laushi tana shanye wani abu daga cikin wannan karkarwar, busasshiya kuwa miƙa maka ita take yi gaba ɗaya. Kafin a yi zancen makulli, ina so in san shekarun tayoyinka. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2309 yana nufin mako na 23 na shekarar 2009. Idan ka tarar da lambobi uku kawai, to tayar ta girmi shekarar 2000.

Mai Roadmaster: Baba, na fita na duba. Ta gaba tana ɗauke da 1411, ta baya kuma rubutun ya goge. Zanen duka biyun yana nan da zurfinsa.

Tsohon bakanike: Zurfin zane shaida ce cewa dattijon bai yi yawo ba, ba shaida ce cewa tayar tana kama kwalta ba. Tayar 2011 ce kake ɗora ranka a kanta.

Matafiyi daga Damagaram: Ina neman afuwar Baba, amma ina ganin an bar tambayar an koma wata. Batun taya gaskiya ne, sai dai Malam ya yi tambaya ne a kan makullin totur, kuma ni ina amfani da shi a tsakanin Damagaram da Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 200, ban taɓa ganin laifinsa ba. Da farko ma sunan ne yake tsorata mutane, domin ba kulle totur yake yi kamar kwaɗo a ƙofa ba, matse shi kawai yake yi daidai yadda sifirin ba zai iya mayar da shi da kansa ba, amma da zarar ka tura da hannu sai ya koma. Na biyu, masu cewa baƙon abu ne ga tsohon babur ba su duba tarihi ba. Baburan Ingila na da, irin su Triumph da BSA da Norton, sun kasance suna zuwa da ɗan sukuru a jikin gidan totur wanda ake ɗaurewa domin totur ya tsaya, har mai babur ya iya ɗaga hannun dama ya nuna zai karya kwana a zamanin da babu sigina. Harley-Davidson na Amurka ma ya daɗe yana sa irin wannan sukuru a ƙarƙashin totur. Idan masu ƙera babur da kansu sun sa shi, da wace hujja za mu kira shi ganganci?

Malamin kimiyya: Yallabai na Damagaram, tarihin da ka kawo daidai ne, amma akwai lissafin da ya kamata a ajiye kusa da shi. Babur da ke gudun kilomita 72 a awa yana cinye mita 20 a kowace daƙiƙa, mai gudun 90 kuwa mita 25. A babur ɗin da babu makulli, idan akuya ta faɗo titi, sakin hannu kaɗai ya isa ya yanke mai, injin ya fara riƙe babur tun kafin yatsu su kai ga birki. Idan akwai makulli, wannan ragin da ke zuwa kyauta ya tafi, dole sai ka tuna ka tura totur da gangan, a daidai lokacin da tsoro ya sa ka damƙe birki. Ko rabin daƙiƙa ka ɓata, mita 10 ke nan ko fiye, ga kuma inji yana ci gaba da turawa yayin da birki yake ƙoƙarin tsayarwa. Sannan Roadmaster birkin ganga gare shi gaba da baya, ba na faifai ba, kuma birkin ganga yana buƙatar tazara tun asali. Wani abin da ake mantawa shi ne makullin ba ya riƙe gudu, buɗewar totur kawai yake riƙewa, saboda haka a gangara gudu ƙaruwa yake yi, a hawa kuma ya ragu.

Matafiyi daga Damagaram: Malam, ban musa lissafinka ba, amma ka ɗauka cewa mai makulli sakin kai yake yi ya naɗe hannu. Ni hannuna yana kan totur kullum, damƙar ce kawai nake sassautawa, wani lokaci in buɗe yatsu in motsa su na 'yan daƙiƙu a inda nake hangen hanya fetal har kilomita guda. Ka gaya mini, tsakanin hannun da ya huta da hannun da ya sage har ba ya jin ƙarfen birki, wanne zai fi saurin kamawa idan akuyar taka ta fito? Mutuwar hannu ita ma haɗari ce, sai dai ba a lissafa ta da mita.

Tsohon ɗan acaɓa: Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, kuma ni na san ciwon, domin na yi sana'ar acaɓa a Kano har zuwa 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur. Sai dai ina roƙon ɗan'uwanmu na Damagaram ya dubi bambancin hanyarsa da wadda Malam zai riƙa bi. Daga Kano zuwa Kura, zuwa Kwanar Dangora, zuwa Tashar Yari, ba na jin akwai wurin da mutum zai yi minti biyar cur bai rage mai ba: ko tirela ta tsaya a gefe, ko mai mota ya biyo hannun da ba nasa ba, ko masu tumatir sun baje kaya a bakin titi lokacin kaka, ko yara masu talla sun tsallaka a guje. Abin da za a kunna na daƙiƙa 30 a kashe, a sake kunnawa, ya zama ƙarin aiki ga hannun da ake so ya huta. Akwai kuma abin da na gani da idona. Wani abokin sana'armu ya taɓa cusa zoben roba tsakanin robar hannu da gidan makunna domin totur ya riƙa tsayawa, wata rana ya ba ƙanensa aron babur bai gaya masa ba, yaron ya saki hannu a bakin shataletale babur bai rage ba, Allah ya sa bangon shago ya tare shi da 'yar ƙujewa. A garuruwanmu babur ba na mutum ɗaya ba ne, ana ara, ana aike da shi.

Ma'aikaciyar jinya: Ina so in sa baki a kan sagewar hannun kawai, tunda injin ba fagena ba ne. Jijiyoyin da ke kai ji ga yatsu ta wuyan hannu da gindin tafi suke ratsawa, saboda haka idan mutum ya lanƙwasa wuyan hannu ya kuma jingina nauyin jikinsa a kan tafi na tsawon awa guda, ga karkarwa a kai, dole yatsu su sage. Malam ya duba ko ƙarfen birki da na kuloci sun yi sama da yawa har sai ya karya wuyan hannu kafin ya kai gare su, domin sassauta su a ɗan sunkuyar da su ƙasa yakan kawo sauƙi. Idan kuma sagewar tana tashe shi cikin dare, ko tana zuwa a ranar da bai hau babur ba, to ya je a duba shi, wannan ba aikin makulli ba ne.

Tsohon bakanike: Hajiya ta faɗi abin da na so in ƙara. Bari in koma kan sukurun Turawan da aka ambata, domin akwai abin da ya sa aka daina yayinsa. Daga baya masu ƙera babura sun koma ga totur mai komawa da kansa, har manyan Honda masu silinda huɗu na shekarun 1970 aka yi musu waya biyu, ɗaya ta buɗe kafireta, ɗaya ta ja ta ta rufe ko da sifirin ya gaza. Ƙananan babura irin CG125 waya ɗaya ce, kuma a irin wannan idan ka mayar da totur sakin wayar kawai ka yi, sifirin ne zai rufe. To ka ɗauka wayar ta shekara 40, ta bushe a cikin kwansonta, ko zare ɗaya ya tsinke ya maƙale. Ka tura totur da hannunka ya koma, amma kafireta tana nan a buɗe. Mai babur marar makulli zai lura da wannan tun a ƙofar gida, domin zai ga totur yana komawa da kasala. Mai makulli kuwa ya saba da totur mai nauyi, ba zai gane ba sai ranar da abin ya faru. Wannan ne babban dalilina, ba lissafin mita ba. Ɗana, ka leƙa ƙarƙashin gidan totur ka ƙirga wayoyin, sannan ka kunna inji, ka juya kai zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ka saurara. Idan ƙarar ta ƙaru da kanta, an bi da wayar ta inda take ɗaurewa. A kowane ɓangare ka murɗa ka saki, dole ka ji totur ya koma da ƙara, tas.

Game da sabuwar roba, ƙarfen kai na baburan Japan kaurinsa milimita 22 ne, na Harley kuwa inci guda, wato milimita 25 da ɗoriya, kada mai shago ya haɗa ka da wadda ba taka ba. Za ka ga ramin ta dama ya fi na hagu faɗi, domin a kan bututun totur take hawa. Kada ka sa mata giris ko baƙin mai don ta shige da sauƙi, za ta riƙa juyawa a hannunka har abada. Ɗan gam na roba ya isa, ka bar ta ta kwana. Ka bar 'yar tazara tsakaninta da gidan makunna, kuma kada ƙarshenta ya gogi bakin ƙarfen kai, in ba haka ba ka yi wa kanka makullin da ba ka nema ba. Robar hannu ta soso tana da daɗi a makon farko, amma tana shan ruwa da damina, rana kuma tana cinye ta.

Mai Roadmaster: Baba, na karɓi maganar taya da waya. Abin da ke damuna shi ne darajar babur ɗin, domin na ji cewa masu tara tsofaffin babura suna rage kuɗi idan kayan ba na asali ba ne.

Tsohon bakanike: Kada ka yanka tsohuwar robar hannun. Ka zura siririn sukudireba a hankali, ka zuba ruwan sabulu a ƙarƙashinta, ka murɗa, za ta fito lafiya. Ka sa ta a leda ka ajiye tare da takardun babur, duk wanda ya zo saye ka miƙa masa. Lambar inji da ta firam da suka yi daidai da takarda, da tankin da babu tsatsa a cikinsa, su ne ke riƙe farashi.

Matafiyi daga Damagaram: Na yarda cewa kada a ɗaura makulli a kan wayar da ba a sabunta ba, kuma na yarda hanyar Zariya ba hanyar Maradi ba ce. Amma ban janye cewa abin yana da amfani a muhallinsa ba. Idan Malam ya gama gyaran, amma hannun bai daina sagewa ba, akwai wani ɗan faifan roba da ake maƙalawa a kan robar hannu, gindin tafi ya kwanta a kansa ya riƙe mai ba tare da damƙa ba, kuma da an ɗaga hannu totur yake komawa.

Tsohon ɗan acaɓa: Shi ma a cire shi kafin a shiga gari, domin a cunkoso tafi yana iya danna shi ba da niyya ba lokacin da aka miƙa yatsu ga birki, ko hannun riga ya kama shi.

Mai Roadmaster: Na gode muku duka. Gobe zan kai shi a sauya tayoyi biyu da wayar totur da robar hannu, a kuma sunkuyar da ƙarfen birki kamar yadda Hajiya ta ce. Ranar Asabar mai zuwa zan sake bin hanyar, in tsaya a Kwanar Dangora in ga halin da hannun yake ciki. Makullin na riga na biya kuɗinsa, yana cikin kwalinsa, zan bar shi a can tukuna.

Matafiyi daga Damagaram: Idan ka yanke shawarar rabuwa da shi, Malam, ka sanar da ni kafin kowa, domin nawa ya fara sakin totur da kansa a kan gargada.