Neman shawara: shirya wa yara wurin kwana a cikin motar Hiace

Baban 'Yan Uku, Katsina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da mota ƙirar Toyota Hiace wadda na daina haya da ita, kuma niyyata ita ce in cire kujerun baya in mayar da ita ɗakin kwana na tafi-da-gidanka. Dalili kuwa shi ne duk shekara muna zuwa Daura domin Sallar Gani, gidan surukaina yakan cika da baƙi har a rasa inda za a shimfiɗa tabarma, a bara ma a zaure yarana suka kwana, sauro ya yi musu kaca-kaca. Yaran uku ne: babban yana da shekara 8, mai bi masa 4, autar kuma wata 7. Mai walda ya ba ni shawarar gado mai hawa biyu, ni kuma ina tunanin sayen ƙaramin janareta domin fanka. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su haska mini, musamman a kan ko zan iya barin su kwance a gadon muna tafiya, tunda tsakanin Katsina da Daura bai fi kilomita 80 da 'yan kai ba.

Tsohon Direba, Daura

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ka bar yaro kwance a gado mota na tafiya, ko da daga gida zuwa masallaci ne. Karon da aka yi a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, yaron da ba a ɗaure ba kuwa zai ci gaba da tafiya da wannan gudun bayan motar ta tsaya. Na taɓa taka birki da ƙarfi saboda garken shanun da ya ɓullo mini a kwana ranar wata kasuwa, jikana da ke barci a kan katifa a baya ya sulalo har ƙarƙashin kujerata, ya fasa leɓe, alhali ban ma bugi komai ba. Saboda haka ka bar layin kujera ɗaya mai bel, yara su zauna a baya kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take umartar a yi da 'yan ƙasa da shekara 12, jaririyar kuma a nemo mata kujerar jarirai mai fuskantar baya. Idan kun isa, ka faka a wuri mai daidaito cikin gidan da ke da ƙofa, ka ja birkin hannu, ka tare taya da dutse, ka zare makulli ka sa a aljihunka.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Malam, Allah ya raya zuri'a. Baba ya yi maganar hanya, ni kuma zan yi maganar iska, domin a ganina ta fi katifa da gado muhimmanci. Janareta, da injin motar da aka bari yana aiki domin na'urar sanyaya ɗaki, da kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita take kama shi sau fiye da 200, ta fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa balle ya yi ƙorafi. Mota ba ta kai rabin ɗaki ba, don haka cikarta ba ta ɗaukar lokaci. Ina roƙonka ka bar batun janareta gaba ɗaya, ka sayi fanka mai caji ko mai aiki da batirin sola. Ko janaretan maƙwabta ne, ka lura kada hayaƙinsa ya fuskanci tagarka. Tukunyar gas ma kada ta kwana a ciki, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, daidai inda hancin yaro yake.

Sai zafi. Motar da aka rufe cikin rana tana iya ƙara kusan digiri 10 a cikin minti goma, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki uku zuwa biyar. A bazarar Katsina, da ma'auni ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba a barcin rana a mota sam. Ko da dare ne, dole a sami tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe, kuma babba ya kwana tare da su.

Game da autar, a kwantar da ita rigingine a kan shimfiɗa mai tauri wadda ta cika gadonta, babu matashi, babu bargo mai kauri, kuma kada a haɗa ta da yayyenta, domin ɗan shekara huɗu yana juyi cikin barci bai san wanda ya danne ba. Ni dai da za a bi ta tawa, ita da mahaifiyarta su nemi ɗan lungu a cikin gida, motar ta zama taka da manyan.

Kafinta, Daura

Ranka ya daɗe, abin da Hajiya ta faɗa babu na yarwa. Ni a ɓangaren sana'ata ban goyi bayan gado mai hawa biyu ba. Ƙa'idar masu ƙera gadaje ita ce yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya kwana a sama, ka ga saura mutum ɗaya ke nan, rufin Hiace kuma ba shi da tsayin da zai bar shi ya zauna ba tare da ya buga kai ba, ga shi zafin ƙarfen a can sama yake taruwa. Faɗin cikin motar wajen mita ɗaya da rabi ne, wanda ya ishi ɗan shekara 8 ya miƙe a gicciye. Ka sa a yi maka dandamali ɗaya na katako mai ƙwari a saman tudun tayoyin baya, a ɗaure shi da noti a jikin motar maimakon ƙusa, a goge kusurwoyinsa, ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar kaya. A yanka soso daidai da awonsa, domin ramin da ke tsakanin katifa da bango shi ne inda kan yaro yake maƙalewa. Idan har za a yi wa jaririyar gado, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 6.

Tunda a 'yan shekarun nan Sallar Gani tana faɗowa cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari a wajenmu, ka sa raga a tagogin, sannan ka rataya gidan sauro mai magani ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, igiyoyinsa a ɗaure sama inda hannun yaro ba zai kai ba. Maganin sauro na kunnawa bai dace da wuri ƙarami irin wannan ba. Ka kuma tabbatar ƙofar gefe tana buɗuwa daga ciki, ka koya wa babban yadda ake buɗe ta cikin duhu.

Baban 'Yan Uku, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na je na sami mai waldar yau da safe na ce ya dakatar da gadon, layin farko na kujerun baya kuma zai zauna yadda yake. Kuɗin janaretan zan mayar da su kan fanka da batirin sola, uwargida ma ta amince za ta kwana cikin gida da autar. Malam Kafinta, idan Allah ya kai mu Asabar zan ɗauki awon tudun tayoyin da faɗin tagogin in turo a nan, domin ka duba mini kafin a yanka katakon.