Alloli a wasannin ban tausayi na Girkawa

Ɗalibi: Malamai, don Allah me ya sa alloli ke tsoma baki cikin kusan kowane wasan ban tausayi na tsohuwar Girka?

Malamin adabi: Ɗalibi, asalin wasannin bauta ne. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ana nuna su a Atina lokacin bikin Diyonisus, allahn giya da wasan kwaikwayo a wurinsu, wajen ƙarshen Maris, inda marubuta uku ke gasa, maza zalla kuma ke wasa da fuskokinsu a rufe.

Malama: Ka kuma lura da binne gawa, domin a wurinsu barin mamaci a fili saɓa wa alloli ne, kuma wannan ne ya haɗa Antigone, jarumar wani wasa mai sunanta, faɗa da sarki Kiriyon, wanda ya hana a binne ɗan'uwanta.

Ɗalibi: Na gode, Malama. Ashe rigimar ta wuce taurin kai.