Hawan igiyar ruwa a Dakar da kuɗi kaɗan

Tambaya: 'Yan uwa, ni da ƙanena za mu Dakar, shi bai taɓa hawa allon igiyar ruwa ba. Ina ya dace?

Amsa 1: Ku sauka a bakin tekun Yoff, Malam. Ƙasansa yashi ne, masauki ma da sauƙi. Kada ka kai shi bakin tekun Ngor, duwatsu ne da bushiyar teku, ƙayarta na karyewa cikin tafin ƙafa.

Amsa 2: Kada ku ɗauko allo, kuɗin kayan jirgi zai cinye ku. Ku yi haya, a ba shi na soso mai ƙafa 8, guntu juyewa yake da ɗan koyo. Janairu zuwa Maris ruwan da sanyi, sai da rigar roba.

Amsa 3: Fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ku riƙe katin rigakafin shawara. Ƙanen naka ya iya iyo kuwa?