Fitilun ado na Maulidi a waje ga ruwan sama, ya za a yi?

Ɗan Badariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar wayarin ku ban shawara. Ni a Birnin Kebbi nike, kuma ni anka ɗora ma aikin ƙawata ƙofar islamiyyarmu saboda Maulidi, kun san 'yan shekarun nan cikin damina yake faɗowa. Na sayo fitilun nan masu ƙyalli kala-kala ƙwaya shidda, niyyata in zagaya su bisa kanofi da ƙyauren ƙarfe in jawo wuta daga ofishin malam da istanshan, su kwana uku a kunne. To jiya da dare anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai jikina ya yi sanyi, ga yara ko ina. Mai shago ya ce min ba komai in naɗe haɗin da leda kawai. Haka ne?

Injiniya Gesse:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kafin komai ɗauko kwalin ka duba, za ka ga IP da lamba biyu. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyun ita ce ta ruwa, ita muke nema. In ka ga IP20 to ta cikin ɗaki ce, wannan sifilin yana nufin babu kariyar ruwa ko ɗigo. IP44 tana jure feshi da yayyafi, ita ce mafi ƙarancin abin da ake sawa waje, IP65 ta fi don ko da tiyo ka fesa mata ba ta damu ba. In ba a rubuta komai ba ka ɗauka ta ɗaki ce.

Amma gaskiya ba ƙwan ne ya fi ban tsoro ba, haɗin ne. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma inda filogi ya shiga soket da inda anka yanka waya anka murɗe anka naɗe da salatif nan ne ruwa ke samun ƙofa. Ledar da mai shago ya ce kuwa ita ce ma mugun abin, ruwa na bin jikin waya ya gangara cikinta ya kwanta, in rana ta fito kuma ta yi gumi, ka ga ka yi ma filoginka tafki da hannunka. Istanshan ɗin ya zauna cikin ofis bisa tebur, kada ya taɓa ƙasa, sannan ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket yadda ruwan zai ɗige a gwiwar ba zai bi ta ciki ba.

Ƙyauren ƙarfe da ƙafar kanofi kuwa ka fita batunsu in dai fitilar kai tsaye take shan 230. Iska na kaɗa waya tana gogar ƙarfe, robar na cinyewa kaɗan-kaɗan ba ka sani ba, rana guda duk ƙyauren ya ɗauki wuta.

Maman Ihsan:
Wallahi malam ka ji maganar Injiniya. Bikin ƙanwata a Jega haka ta faru da mu, an yi ado da fitilu jikin rumfa an ɗaure da wayar ƙarfe, bayan la'asar hadari ya taso aka ɗan yi ruwa ya ɗauke, ƙasa duk ta jiƙe. Ɗiyata 'yar shekara bakwai ta cire takalmi tana wasa sai ta dafa ƙafar rumfar, kawai na ji ƙara na ga hannunta ya maƙale tana karkarwa, ni kuma uwa na zabura zan rungumo ta, Allah ya sa wani yaro mai kula da janareta ya riga ni ya kashe. Tafin hannunta ya tashi, sai da muka je asibiti anka duba ta. Har yau in ta ga fitila mai ƙyalli ratsewa take. Kuma fa mai adon da anka kira cewa ya yi wai shokin ne ɗan kaɗan.

Baban Gwandu:
Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. In hakan ta faru a kashe wuta tukuna, in makunnin ya yi nisa a ture mutum da busasshen icce, kada a kama shi da hannu. Ni dai shawarata ka huta ka sayi masu sola ko masu batir, ko na USB da ake jonawa da fawa bank. Haskensu bai kai na wuta ba, kuma ranar da gari ya wuni da lumshi solar kan mutu da wuri, amma ko yaro ya tauna wayar ba a zancen rai.

Injiniya Gesse:
Gaskiyar Baba ce. Akwai ma masu ɗan adafta da ke sauke wutar zuwa bolt 24 ko 12, su ma lafiya lau, sai dai adaftan ya kwana cikin ɗaki don sau da yawa fitilar ta waje ce shi kuma na ciki. Wani abu da na manta, kada ka ce ai akwai fiyus ko bireka a mita. Shi fiyus ko bireka waya yake karewa kada ta ƙone, sai wuta ta wuce amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) goma sha wani abu yake faɗuwa, mutum kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, ya isa ya rikita mai bugun zuciya. Wanda ke kare mutum shi ne RCD, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ƙarfe, mai miliamfiya 30 (kashi 30 cikin dubu na amfiya), masu wayarin kan ce mai ELCB, yana da ɗan maɓalli na gwaji a jiki, ka danna ka ga ya faɗi kafin ka yarda da shi. Kuma da hadari ya haɗu a zare filogi da busasshen hannu, ba a jira sai an fara ruwa.

Ɗan Badariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba kwalin yanzu, huɗu IP20 ne biyu ko rubutu babu. Zan maida su cikin zaure da ajin yara, ƙofa kuma gobe in na shiga kasuwa in nemo masu sola. Injiniya wannan ELCB ɗin ana iya sa shi ga layin janareta? Don rabin daren da shi za mu yi.